Aron tsohon zane don yi wa mai mulki habaici: ƙarfin dabarar da iyakarta

A farkon shekarar 2013 wani hoto ya bazu a intanet har mutane da dama suka tsaya suna tambaya ko gaskiya ne. Hoton wani dogon bene ne a ƙasar Siriya wanda harsasai da rokoki suka huda bangonsa ta ko'ina, amma a jikin bangon ga zanen mace da namiji rungume da juna cikin tufafi masu ruwan zinariya. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin tarihin zane-zanen Turai ya gane su nan take, domin zanen nan ne da Gustav Klimt, mutumin Ostiriya, ya yi tsakanin 1907 da 1908. Wanda ya haɗa hoton, Tammam Azzam, ɗan Siriya ne da rikicin ƙasar ya raba da ɗakin aikinsa na Dimashƙa ya koma Dubai, kuma bai hau tsani ya shafa fenti a wannan bango ba, a kwamfuta ya ɗora wancan a kan wannan. Ya yi irin haka da ayyukan Goya da Matisse da wasunsu, ya tara su ya kira su Gidan Tarihin Siriya.

Mai karatu a Yamai ko Tawa yana iya tambaya: mutumin da ake ruguza ƙasarsu, me ya kai shi aron zanen wani Bature da ya rasu tun 1918, alhali ga hotunan gawawwaki na gaske ana ɗauka kullum? Amsar tana cikin wata dabara da masu zane suka fi shekara 150 suna miƙa wa juna, wato a ɗauki zanen da duniya ta riga ta sani, a bar tsarinsa yadda yake, a sauya fuskoki ko tufafi ko wuri, sai ya koma magana a kan mai mulkin yau ba tare da an kama sunansa ba. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin habaici ke nan, kuma ya san sharaɗinsa: sai mai ji ya san inda aka dosa kafin maganar ta yi zafi. A ganina, ƙarfin dabarar da rauninta duka suna rataye ne a kan wannan sharaɗi guda.

Zanen da aka fi ara a wannan fage shi ne wanda Francisco Goya ya yi a 1814. A ranar 2 ga Mayu 1808 mutanen birnin Madrid suka tayar wa sojojin Napoleon da suka mamaye Sifaniya, kafin wayewar garin ranar 3 kuma sojojin suka tattara waɗanda suka kama suka harbe su a bayan gari. Goya ya raba zanen gida biyu. A dama ga sojoji a jere, sun ba mai kallo baya, ba a ganin fuskar ko ɗaya, bindigoginsu sun miƙe kai ɗaya. A hagu ga wani talaka da farar riga da wando ruwan ɗorawa, ya durƙusa ya ware hannuwansa sama, idanunsa a buɗe, gawawwakin waɗanda suka riga shi na kwance cikin jini a gabansa, masu jiran layi kuma sun rufe fuskokinsu da hannu. Hasken da ke wurin duka daga wata fitila yake fitowa wadda aka ajiye a ƙasa, kuma ita ce fitilar da masu harbin suka kawo don su ga inda za su saita.

Kafin wannan lokaci, akasarin zanen yaƙi a Turai yabon sarki ne: ga shi bisa doki, ga tuta, ga abokan gaba sun watse. Goya ya juya lamarin, ya ba wanda ba a san sunansa ba tsakiyar fage, ya mayar da hukuma wani abu marar fuska. Wannan rashin fuskar ne ya sa zanen ya zama abin aro, domin kakin kowace ƙasa yana iya shiga jikin waɗannan sojoji. Abin takaici a tarihin zanen shi ne, a shekarar da aka yi shi ne sarki Fernando na Bakwai ya dawo kan gado, ya soke tsarin mulkin 1812, ya shiga farautar masu neman sauyi, har Goya da kansa ya bar ƙasar a 1824 ya je ya rasu a Bordeaux, a ƙasar waɗanda ya zana suna harbin mutanensa.

Mai aro na farko da ya shahara shi ne Édouard Manet. Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya ɗora wani ɗan sarautar Ostiriya mai suna Maximilian a kan mulkin Meziko a 1864, da abin ya yi tsami kuma ya janye sojojinsa ya bar shi, mutanen ƙasar suka kama shi suka harbe shi ranar 19 ga Yuni 1867 tare da janar-janar ɗinsa biyu. Manet ya ɗauki tsarin Goya, amma ya sa wa masu harbin kaki mai kama da na sojan Faransa, sojan da ke gefe yana gyara bindiga don harbin ƙarshe kuma ya ba shi gemu da kamannin sarkin kansa. Babu rubutu, babu suna, amma hukuma ta gane, ta hana a buga kwafinsa a takarda, aka kuma sanar da shi cewa ba za a karɓi zanen a babban baje kolin Paris ba. A Amurka aka je aka nuna shi bayan shekara goma. A 1951 Picasso ya sake ɗauko tsarin saboda yaƙin Koriya, ya sa mata da yara a gefen waɗanda za a harbe, masu harbin kuma ya lulluɓe su da sulke har ba a gane ƙasarsu, abin da bai yi wa ƴan jam'iyyarsa ta Kwaminis daɗi ba, domin sun so ya fito fili.

Wanda ya fi kai dabarar nesa shi ne Yue Minjun na ƙasar Sin a zanensa na 1995. Tsarin na Goya da Manet ne, amma bangon da ke baya ja ne irin na tsohuwar fadar sarakunan Beijing da ke fuskantar dandalin Tiananmen, inda soja suka murƙushe zanga-zangar ɗalibai a watan Yunin 1989. Masu harbin sun ɗaga hannuwa kamar masu riƙe da bindiga, amma babu bindiga a hannunsu. Waɗanda za a harbe kuma suna tsaye da gajeren wando suna ƙyalƙyala dariya, dukkansu da fuska ɗaya, fuskar mai zanen. A ƙasar da ba a yarda a ambaci abin da ya faru a dandalin ba, ya zana kisa da babu makami da kuma mutanen da ba su da izinin yin kuka. Da aka tambaye shi, ya ce bai kamata a ɗauki zanen a matsayin hoton abin da ya faru a 1989 ba. Ba na ganin laifinsa a wannan amsa, domin damar musantawa ita ce rabin amfanin habaici.

Don a gane darajar wannan dama, sai a duba abin da ke samun wanda ya kama suna. A watan Agustan 2011, bayan Ali Farzat, mai zanen barkwanci ɗan Siriya, ya zana Bashar al-Assad yana neman Gaddafi ya rage masa hanya, wasu mutane da fuskoki a rufe suka sace shi a Dimashƙa, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka karya masa hannuwa. A Iran an yanke wa Atena Farghadani ɗaurin sama da shekara 12 a 2015 bayan ta zana ƴan majalisa da kawunan dabbobi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa wata 18. A Turkiyya an yanke wa Zehra Doğan kusan shekara 3 a 2017, kuma cikin abin da aka kama ta da shi har da zanen garin Nusaybin da aka rusa, tutocin ƙasar na rataye a kan kufai, alhali daga hoton da ɓangaren hukuma ya yaɗa ta kwaikwayo shi. Mai aron tsohon zane yana ƙoƙarin kauce wa wannan ne ta hanyar jefa wa hukuma zaɓi mai wuya. In ta yi shiru, saƙon ya wuce. In ta hana, ta amsa da bakinta cewa ita ce sojan da ba shi da fuska, kuma an san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Bayan kariya akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba, wato daraja. Hoton gawa a labaran dare yana wucewa, gobe wani ya maye gurbinsa, kuma idon duniya ya saba da ganin gawar Balarabe ko baƙar fata har ta daina tayar masa da hankali. Amma in aka sa wannan mamaci a gurbin mutumin Goya mai farar riga, an ce wa mai kallo ke nan: wancan da kake biyan kuɗi ka shiga gidan tarihi ka tsaya a gabansa cikin ladabi, ga ƙaninsa. Shi ya sa a watan Oktoban 2018, da Mustafa Hassona ya ɗauki hoton wani saurayi a Gaza ba riga, tuta a hannu ɗaya majajjawa a ɗayan, jama'a da kansu suka dinga jera shi da zanen Delacroix na 1830, na matar da ke ɗauke da tutar Faransa tana jan masu bore. Mai ɗaukar hoton bai shirya haka ba, idon masu kallo ne ya yi aron, kuma wannan kamannin ne ya kai hoton inda dubban irinsa ba su kai ba.

Masu mulki ma sun san tsohon zane yana magana. Picasso ya yi zanensa mai suna Gernika, sunan wani gari a Sifaniya, a 1937 bayan jiragen Jamus da Italiya, masu taya Janar Franco yaƙi, sun yi wa garin ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu, kuma zanen, mai faɗin kusan mita 8, bai shiga Sifaniya ba sai 1981, shekara shida bayan mutuwar Franco. Akwai saƙaƙƙen kwafinsa a bangon ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, daidai inda jakadu ke tsayawa su yi wa ƴan jarida magana. Ranar 5 ga Fabrairu 2003, da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya zo kare shirin ƙasarsa na yaƙar Iraƙi, an rufe shi da shuɗin labule. Jami'ai sun ce don kyamarorin talabijin ne. Ko da hakan gaskiya ne, labulen ya jawo wa zanen kallon da bai samu ba a shekarun da ya yi a buɗe, masu zanga-zangar ƙin yaƙin kuma suka ɗauki kwafinsa suka fita da shi titi.

Sai dai ga mu da Faransa ta mulka, waɗannan zane-zane ba su zo mana da hannu wanke ba. Matar Delacroix mai wakiltar ƴanci an zana ta ne don boren watan Yulin 1830 da ya kori sarki Charles na Goma, kuma a farkon wannan watan ne sojojin Faransa suka kame birnin Aljiyas, mafarin mulkin mallakar da ya kai 1962. Gwamnatin da boren ya haifar ba ta janye ba, ta ci gaba da mamayar. Ta sayi zanen a 1831, ba da daɗewa ba ta ɗauke shi daga idon jama'a don tsoron kada ya zuga wani boren, daga baya kuma ya hau takardar kuɗin Faransa ta faran 100. Zanen da ya fara a matsayin tsokana ya ƙare a aljihun kowa, har a farkon 2019 wani mai zanen bango a Paris ya dawo da shi titi ta hanyar sa wa mutanen cikinsa riguna masu ruwan ɗorawa na masu zanga-zangar tsadar rayuwa.

Zanen da ya fi kusa da mu shi ne na Géricault. A watan Yulin 1816 jirgin ruwan Méduse, wanda aka aika ya karɓo wa Faransa mulkin Saint-Louis ta Senegal daga hannun Ingila, ya kafe a gaɓar Muritaniya, domin an ba da jagorancinsa ga wani da ya yi shekara kusan 20 bai tuƙa jirgi ba, saboda kawai ɗan goyon bayan sarauta ne. Manya suka shiga kwale-kwale, aka zuba mutum wajen 147 a kan katakai da aka ɗaɗɗaure, aka sake su a teku. Bayan kwana 13 mutum 15 aka tarar da rai. Da aka nuna zanen a 1819 ba a yarda an sa masa sunan jirgin ba, amma kowa ya san da wa ake, kuma mutumin da Géricault ya ɗora a can ƙololuwa yana kaɗa ƙyalle don neman ceto baƙar fata ne. A ƙarshen 2015 Banksy, mai zanen bango ɗan Ingila, ya maimaita shi a wani bango a Calais, inda baƙin haure suka yi sansani, ya sa jirgin shaƙatawa na masu kuɗi yana wucewa daga nesa. A ruwan nan na Muritaniya ne har yau kwale-kwalen samarin Afirka ta Yamma masu neman tsibiran Kanari ke nutsewa, don haka zanen ba ya ma buƙatar a sauya masa wuri.

Saboda wannan tarihi, mai zane ɗan Afirka in ya yi aro, bashi biyu yake bi a lokaci guda, na azzalumin gida da na mai zanen asali. Dumile Feni ya yi nasa Gernika na Afirka da gawayi a 1967, cikin tsakiyar mulkin wariyar launin fata, shekara guda kafin ya bar Afirka ta Kudu zuwa gudun hijirar da bai dawo daga gare ta ba. Yinka Shonibare, wanda ya tashi a Legas, ya ɗauki zanen Fragonard na wata ƴar masu hali tana lilo a lambu ya mayar da shi mutum-mutumi a 2001, ya ɗinka mata riga da atamfa irin wadda matanmu ke saye a Babbar Kasuwar Yamai, ya kuma cire mata kai, don tuna abin da juyin juya halin Faransa ya yi wa masu irin wannan jin daɗi da kuma inda dukiyar tasu ta fito. Omar Victor Diop na Dakar kuwa ya shiga tufafin Ayuba Sulaiman Diallo, malamin Fulani na Bundu da aka sayar bawa aka kuma zana shi a Ingila a 1733, ya riƙe ƙwallon ƙafa, yana tambayar Turai wane irin baƙar fata take yi wa tafi.

Aron yana iya kuma juyewa ya sari mai shi. A 2010 Yiull Damaso ya ɗauki zanen Rembrandt na 1632, inda likita ke feɗe gawa ɗalibai na kallo, ya sa Nelson Mandela a matsayin gawar, Desmond Tutu da Thabo Mbeki da Jacob Zuma da wasu manya suna leƙe, wai suna neman abin da ya sa shi ya zama mutumin da ya zama. Mandela na raye a lokacin. Wanda ya san Rembrandt ya ga tambaya a kan shugabannin da suka gaji kujera ba su gaji hali ba, amma wanda bai san shi ba dattijo ya gani an kwantar an yanka, jam'iyyar ANC mai mulkin Afirka ta Kudu kuma ta yi tir da shi da kakkausar murya. Ba sai an yi wa Bahaushe bayanin abin da zana gawar tsoho mai rai ke nufi ba. Hujjar mai zanen ta nutse cikin wannan fushi.

A nan ne nake ganin babban raunin dabarar yake. In sai wanda ya san asali ne zai ji zafin habaicin, to da wa ake magana? Klimt da Goya da Rembrandt ba su cikin idon manomin Siriya ko direban tasi na Soweto, suna cikin idon ɗan jarida a Landan da mai tara zane-zane a Paris. Sau da yawa wannan da gangan ne, domin wanda aka toshe wa baki a gida yana neman waje ya ji, kuma ba abin raini ba ne. Amma kasuwa tana da nata hali. Zanen Yue Minjun da aka sayar da sharaɗin kada a nuna shi a fili na wasu shekaru, a watan Oktoban 2007 an yi gwanjonsa a Landan a kan fam miliyan 2.9, kuma labarin haɗarin da ke tattare da shi yana cikin abin da ya ɗaga farashin. Daga nan sai matasa masu zane su fahimci cewa akwai irin ƙorafin da ke sayuwa, su dinga yi wa mai saye zane maimakon maƙwabci. Gwamnatin da ta waye ma tana iya ƙyale irin wannan aiki ya fita waje ya ci kyauta, tun da ta san ba zai tara mutum goma a kan titinta ba.

Akwai wata hanya da aka bi a Zayar (Kwango ta Kinshasa a yau) zamanin Mobutu wadda ta fi ba ni sha'awa. A shekarun 1970 masu zanen kasuwa a Lubumbashi, cikinsu har da Tshibumba Kanda-Matulu, sun dinga maimaita zane guda da ake kira Colonie belge: fursuna kwance ana zabga masa bulala, Baturen mulki na tsaye yana kallo, tutar Beljiyam na kaɗawa. Ma'aikata da ƙananan ƴan kasuwa ne ke saye su rataya a ɗaki. Hukuma ba ta da abin cewa, domin la'antar ɗan mulkin mallaka ita ce waƙarta ta kullum. Amma mai bulalar da ke cikin zanen baƙar fata ne da kaki, kuma mai kallo ya san wanda ke riƙe da bulala a zamaninsa. Tsohon zanen da aka ara a nan na gida ne, masu ganewa kuma su ne waɗanda abin ya shafa.

Mu ma muna da wannan jijiya, ko da ba da fenti muka fi bayyana ta ba. Ƴan kama suna ɗaukar waƙar da kowa ya haddace su sauya mata baiti ta koma ta tuwo da miya, dariyar kuma daga sanin asalin take fitowa. A wasan kara na Damagaram samari suna shiga shigar shugaban ƙasa da ministoci da sarki, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu a gaban su kansu manyan. Moustapha Alassane, wanda ya yi zamansa a Tawa shekaru da yawa kafin rasuwarsa a 2015, ya yi abu biyu a 1966 da suka dace da wannan bayani: ya ari fim ɗin kaboyi na Amurka, wanda duk mai shiga silima a Yamai ya sani, ya sa wa samarin ƙauye huluna da bindigogi don nuna abin da kwaikwayon baƙo ke haifarwa, ya kuma zana shugaban wata jamhuriyar kwaɗi yana ziyarar aiki da dukkan faretinta da jawabanta. Bai kama sunan kowa ba, shekara shida kacal bayan samun mulkin kai.

Mai zane a ƙasarmu yana da wani shinge kuma da takwaransa na Paris ba shi da shi. Malamai da yawa suna ƙyamar zana abu mai rai, wasu kuma suna sassautawa a kan hoton da ba mutum-mutumi ba, kuma ko wanda bai damu da wannan saɓani ba ba zai rataya matar Delacroix da ƙirji a buɗe a zaurensa ba. Ba a manta da ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, lokacin da zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya jawo tarzoma a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, aka ƙona coci-coci masu yawa. Wanda ya kwaso zanen Turai ba tare da tacewa ba yana iya samun kansa yana rigima da liman da uwayen unguwa, mai mulkin da ya nufa kuma ya koma gefe yana kallo, ko ma ya fito a matsayin mai kare tarbiyya.

Abin da ya rage shi ne a tambayi wane hoto ne ke cikin idon kowa a Nijar, daga ɗan lakwal har mai tallan goro. Akwai hasumiyar masallacin Agadas, da raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabous, da kifin nan da ke jikin takardar sefa, da ɗan kokawar da ya ci takobi aka naɗa masa rawani, gasar da aka fara a Tawa a 1975. Hukuma ta riga masu zane gane amfanin irin wannan taska, domin a watan Oktoban 2024 an cire siffar Parfait-Louis Monteil, hafsan Faransa, daga dutsen tunawa da ke Yamai aka sa ta Thomas Sankara, aka kuma mayar da titin De Gaulle titin Djibo Bakary. Dabarar ɗaya ce, an bar wurin an sauya fuska, kuma ba wanda ya nemi a yi masa fassara. Wannan yana nuna cewa sauya tsohon hoto ba makamin wanda aka danne kaɗai ba ne, duk mai son juya tunanin jama'a yana amfani da shi, har da mai iko.

Tarihinmu kuma bai rasa nasa daren 3 ga Mayu ba. Akwai Birnin Konni da ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka ƙona suka karkashe mutanenta a watan Mayun 1899, makonni kaɗan bayan karonsu da Sarauniya Mangu a Lugu. Akwai kuma 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ranar da jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban da suka taso daga jami'a za su haye gadar Kennedy, uku suka mutu, lamarin da ya gaggauta zuwan taron ƙasa na 1991 kuma ƙungiyar ɗalibai ke tunawa da shi duk shekara. Zana Konni ba shi da haɗari a yau, domin mai laifin baƙo ne kuma ya mutu, sai fa in mai zanen ya bi sawun mutanen Lubumbashi ya tsaya a kan fuskokin sojojin haya baƙar fata da suka yi aikin da hannunsu. Gadar kuwa wani abu ce daban. In wani ya jera ɗaliban a gurbin mutanen Goya, ya sa masu kaki sun ba mu baya, malaman jami'ar Abdou Moumouni kaɗan ne za su ga Goya a ciki, amma duk mai sayar da kifi a Harobanda zai gane gadar, kuma zai tuna cewa a Afrilun 2017 ma, ƙarƙashin gwamnatin farar hula, wani ɗalibi ya rasa ransa a zanga-zangar jami'ar. Irin wannan zane zai isa inda aka aike shi ba tare da ya bi ta Landan ba, kuma saboda haka ne mai shi ba zai samu mafakar da Yue Minjun ya samu ba, domin babu jami'in da zai yarda cewa tarihi kawai aka zana.